Seretse Khama: yariman da ya rasa gadon sarauta, ya riƙe wa Botswana lu'ulu'unta

Tarihinmu na yau zai kai mu can kudancin Afirka, ƙasar Botswana. In ana lissafin ƙasashen da ke fitar da ɗanyen lu'ulu'u zuwa kasuwannin duniya, Rasha da Botswana ke kan gaba, sannan su Angola, Kanada, Afirka ta Kudu, Kwango da Namibiya su biyo baya. Rasha ta fi kowa yawan abin da take haƙowa, amma wajen daraja duwatsun Botswana sun sha yin kankankan da nata. A shekara mai kyau Botswana na haƙo karat sama da miliyan 20. Karat biyar ke yin giram ɗaya, kun ga ke nan duk abin bai wuce tan huɗu zuwa biyar ba, kayan mota guda. To amma wannan kayan mota guda shi ke kawo wajen kashi 80 bisa 100 na kuɗin da ƙasar ke samu daga cinikinta da waje. Dutsen nan shi ya ciyar da yaƙin Saliyo da na Angola shekara da shekaru. A Botswana kuwa ko juyin mulki ba a taɓa yi ba, kuma babu wanda ya kai Seretse Khama hannu a wannan bambanci.

An haife shi ranar 1 ga Yuli 1921 a garin Serowe, lokacin ƙasar na ƙarƙashin Turawan Ingila da sunan Bechuanaland. Ɗan gidan sarautar Bangwato ne, ɗaya daga cikin manyan ƙabilun Tswana. Kakanshi Khama na Uku yana cikin sarakuna ukun da suka yi tattaki har Ingila a 1895 don kada a miƙa ƙasarsu ga kamfanin Cecil Rhodes, kuma suka yi nasara. Ku riƙe sunan Rhodes ɗin nan, don shi ne ya kafa kamfanin lu'ulu'u na De Beers a 1888, kamfanin da jikan Khama zai zauna teburin ciniki da shi bayan shekara saba'in da wani abu.

Mahaifinshi Sekgoma na Biyu ya rasu a 1925, Seretse na da shekara huɗu. Sai baffanshi Tshekedi Khama ya riƙe mishi sarautar kafin ya girma, shi ya raine shi, shi ya tura shi karatu Afirka ta Kudu. Ya gama jami'ar Fort Hare a 1944, ya wuce Oxford, daga nan ya koma Landan karatun lauya. A can ne a 1947 ya haɗu da wata Baturiya ma'aikaciyar ofishin inshora, Ruth Williams, suka yi aure a watan Satumba na 1948.

Auren nan ya tayar da ƙura ta ko'ina. A gida Tshekedi ya ce atafau, yarima ba ya zaɓar uwar magajin gari shi kaɗai, ballantana baƙuwa. Aka yi ta zama a kgotla, wato dandalin da sarki da talakawa ke haɗuwa kowa ya faɗi ra'ayinshi. Zama biyu na farko ba su yi wa Seretse daɗi ba, amma a na uku, cikin watan Yuni 1949, dubban mutane suka miƙe tsaye suka nuna shi suke so, da matarshi duka. Tshekedi ya tattara nashi ya bar Serowe.

Da a ce magana ta tsaya a hannun Bangwato, da shi ke nan. Amma a 1948 ɗin ne masu wariyar launin fata suka hau mulki a Afirka ta Kudu, shekara na zagayowa suka haramta aure tsakanin baƙi da farare. Ba za su iya ganin baƙar fata da farar mace kan gadon sarauta a bakin iyakarsu ba. Ita kuwa Ingila ta fito daga yaƙin duniya da bashi har wuya, tana buƙatar zinariya da yuraniyom na Afirka ta Kudu. Ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya gano cewa Seretse ya cancanci sarauta in ban da rikicin da auren zai jawo da maƙwabta, sai aka ɓoye rahoton shekara talatin. A 1950 aka kira shi Landan da sunan shawara, yana isa aka ce an hana shi zama ƙasarshi har shekara biyar. A 1952 wata sabuwar gwamnati ta mayar da korar ta har abada. Bangwato suka ƙi naɗa wani, wasu suka daina biyan haraji, aka yi ta tashin hankali. Sai a 1956 aka bar shi ya komo, bayan ya sa hannu ya saki sarautar. Tun yana saurayi ke nan ya ga yadda ma'adinin wata ƙasa ya sa aka sayar da haƙƙinshi, kuma muna ganin wannan darasi bai bar shi ba.

Ya dawo ya kama kiwon shanu da ƴan ayyukan majalisar gargajiya, ga ciwon sukari ya fara damunshi, har wasu na ganin tashi ta ƙare. Ashe da sauran tafiya. A 1962 shi da wani malamin makaranta kuma manomi, Quett Masire, suka tsayar da jam'iyyar BDP. A zaɓen 1965 ta lashe kujeru 28 cikin 31, kuma ranar 30 ga Satumba 1966 Seretse Khama ya zama shugaban farko na Jamhuriyar Botswana.

Abin da ya gada ba abin fahariya ba ne. Ƙasa ce da ba ta da bakin teku, girmanta ya kusa rabin Nijar, mafi yawanta rairayin Kalahari, mutanenta ba su fi dubu ɗari shida ba. Hanyar kwalta duka-duka kilomita 12 ce, masu digirin jami'a 22. Har zuwa 1965 hedkwatar mulkin ma a wajen ƙasar take, a garin Mafeking na Afirka ta Kudu, sai da aka gina Gaborone daga tushe. Fari na shekaru ya kashe shanu jibgi, ga shi nama ne kusan kaɗai abin sayarwa waje. Wajen rabin kuɗin tafiyar da gwamnati daga Landan yake zuwa. Kuma kusan ta kowane gefe mulkin tsirarun farare ne ya kewaye ta.

Tun 1955 masu binciken De Beers ke yawo cikin dajin ƙasar suna tankaɗe rairayi. Har suri suke dubawa, don gara kan tono ƙasa daga can ƙasa ta fito da ƴan tsakuwoyin da ke nuna akwai lu'ulu'u a kusa. A 1967, ƙasar ba ta cika shekara da ƴanci ba, suka dace da babban rami a Orapa. Orapa kuwa cikin yankin Bangwato take, ƙasar kakannin shugaban.

A nan ne zancen yake. A tsarin da aka gada, abin da ke ƙarƙashin ƙasar kowace ƙabila nata ne, sarkinta ke ba da izinin haƙa, baitulmalinta ke cin riba. Da an bar shi haka, da Bangwato sun yi arziki su kaɗai, ga tagulla da nikel na Selebi-Phikwe ma a yankinsu suke, sauran ƙabilu su zama ƴan kallo. Seretse ya bi sarakuna da tarukan kgotla yana lallashi a mayar da duk ma'adinai hannun ƙasa baki ɗaya, aka kuma kafa dokar a 1967. Abin da ya sa maganar ta shiga kunne shi ne mutanenshi ne suka fi kowa asara a wannan tsari, kuma shi ne ɗan gidan sarautarsu. Wane sarki zai ce an cuce shi, alhali mai rabo mafi tsoka ya fara sakin nashi? Ko yau a Botswana ba a jin wata jiha na cewa dutsenmu ne, a ba mu kasonmu ko mu ɓalle.

Ba wai kowa ya ji daɗi ba. Dokokin da suka biyo baya sun ƙwace wa sarakuna ikon rabon filaye suka ba wa hukumomin ƙasa. Sarkin Bangwaketse, Bathoen na Biyu, ya ajiye rawani a 1969 ya shiga adawa, ya tsaya zaɓe, ya kayar da mataimakin shugaban ƙasa Masire a mazaɓarshi. Ba a kama shi ba, ba a soke zaɓen ba, ya je majalisa ya zauna.

Sai kuma ciniki da De Beers. Botswana ba ta da injiniyoyi, ba ta da jari, kuma a wancan zamani kamfanin ke riƙe da kusan duk hanyar sayar da ɗanyen lu'ulu'u a duniya, ta ofishinshi na Landan. Zamani ne da ƙasashe irin su Zambiya ke karɓe ma'adinai daga hannun kamfanoni. Seretse bai bi wannan hanya ba, bai kuma sakar wa kamfanin komai ba. Da aka kafa kamfanin haɗin gwiwa, gwamnati ta karɓi kashi 15 bisa 100, aka buɗe Orapa a 1971. Masu saurarenmu na yankin Agadas za su tuna a shekarar ce aka fara fitar da yuraniyom a Arlit. Da ta bayyana cewa Orapa ta fi yadda aka zata albarka, kuma kamfanin na son izinin faɗaɗa aiki da buɗe sabon rami a Letlhakane, sai gwamnati ta ce a dawo tebur. Ta ɗauko ƙwararrun lauyoyi da masana lissafi daga waje suka zauna ɓangarenta. A 1975 aka tashi da rabi da rabi. In aka haɗa da haraji da kuɗin haƙa, abin da ke shiga baitulmali ya zarce rabin ribar nesa ba kusa ba. Wannan kamfani shi ake kira Debswana yanzu.

Kuɗin da suka shigo ba a bar su hannun mutum ɗaya ba. Duk aikin da za a kashe wa kuɗi sai yana cikin tsarin raya ƙasa da majalisa ta amince da shi, rarar kuma a ajiye don shekarar fari ko faɗuwar kasuwa. Aka yi rijiyoyin burtsatse, makarantu, gidajen likita da hanyoyi. Tun farkon shekarun 1970 ƙasar ta daina karɓar tallafin kasafi daga Ingila. A 1976 ta bar kuɗin Afirka ta Kudu ta buga nata, aka sa mishi suna pula, wato ruwan sama, abin da makiyayi ya fi so ke nan. A shekarar ce kuma, da ake son gina jami'a, shugaban ya roƙi kowane magidanci ya ba da saniya ɗaya. Mai saniya ya kawo, wanda ba shi da ita ya kawo akuya, hatsi ko ƴan kuɗi.

Kada mu wanke shi tas. Jam'iyyarshi ta manyan masu shanu ce, kuma tsarin filayen kiwo na 1975 ya fi amfanar masu garke da rijiya bisa ƙaramin makiyayi. Mutanen San, mafarautan Kalahari da suka riga kowa zama a ƙasar, su aka bari can baya. Da ma'aikatan Selebi-Phikwe suka yi yajin aiki a 1975 kan albashi, ƴan sanda aka tura musu, don gwamnati na tsoron kada masu jari su gudu. Sannan abokin cinikin nashi, De Beers, kamfanin ƙasar wariya ne, ta hanyoyin ƙasar wariyar kuma abinci da mai ke shigowa. Seretse ya ƙi ƙulla huldar jakadanci da Pretoria, ya karɓi ƴan gudun hijira, amma bai yarda a kafa sansanin mayaƙa a ƙasarshi ba. Duk da haka sojojin Rodeshiya sun riƙa tsallakowa, dole ta sa ya kafa rundunar soja a 1977, bayan shekara goma sha ɗaya ƙasar na zaune ba soja. A watan Fabrairu 1978 aka yi wa ƴan sabuwar rundunar kwanton ɓauna a Lesoma, aka kashe 15.

Jiki ya riga ya gaji. Ya ga ƴancin Zimbabwe a watan Afrilu 1980, ya ga kafuwar ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin kudancin Afirka a Lusaka cikin watan nan, wadda ya yi wa wahala sosai. Ranar 13 ga Yuli 1980 ciwon daji ya ɗauke shi yana da shekara 59. Aka kai shi Serowe, aka binne shi kan dutsen da kakanninshi ke kwance. Masire ya karɓi mulki yadda tsarin mulki ya tanada, ba harbi ba hayaniya. Ruth ta zauna Botswana har rasuwarta a 2002, ɗansu Ian Khama kuma ya shugabanci ƙasar daga 2008 zuwa 2018.

Bai ga buɗe Jwaneng ba, ramin da aka gano a zamaninshi aka fara aiki a 1982, wanda ake ɗauka babu kamarshi wajen daraja a duniya. Shi ya ɗaga Botswana zuwa sahun farko na masu fitar da lu'ulu'u. A 2013 De Beers ta kwaso kasuwar ɗanyen dutsenta daga Landan ta kawo Gaborone, ko da yake har yanzu mafi yawan yanka da goge duwatsun a garin Surat na Indiya ake yi, manyan dillalai kuma na Antwerp da Dubai. Abin da Seretse da magadanshi ba su iya ba shi ne samar wa ƙasar wata ƙafa ta biyu. Haƙar lu'ulu'u ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa, matasa na zaune ba aiki, tazara tsakanin mai shi da marar shi na da faɗi. Yanzu ga lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta ya cika kasuwa da arha, farashin na ƙasa ya faɗi, baitulmali ya ji a jikinshi. A zaɓen Oktoba 2024 jam'iyyar da ya kafa ta sha kaye karon farko bayan shekara 58, ta kuma miƙa mulki ga Duma Boko cikin ƴan kwanaki. Sabuwar gwamnatin ce ta sa hannu da De Beers a watan Fabrairu 2025 kan yarjejeniyar da ta ɗaga kason duwatsun da Botswana ke sayarwa da kanta daga kashi 25 zuwa 30 bisa 100, da sharaɗin zai riƙa hawa a shekarun da ke tafe.