Zik, ɗan Zungeru da ya tsaya ƙarƙashin tuta uku

Duk wanda ya taɓa bin motar shanu daga Minna zuwa Tegina ya san Zungeru. Ni tun ina yaro nake bin Baba ta nan, amma sai da na shiga sakandare na san cewa a wannan gari aka haifi mutumin da hotonsa ke jikin naira 500, wato Nnamdi Azikiwe.

An haife shi ran 16 ga Nuwamba 1904, lokacin Zungeru ce hedikwatar Turawa a Arewa, mahaifinsa kuma akawu ne a ofishinsu. Ibo ne ɗan asalin Onica, amma da Hausa bakinsa ya buɗe. Sai da ya kai shekara takwas aka tura shi Onica don ya koyi yaren iyayensa. Ku da kuke Sabo a Ibadan ko Agege a Legas, kuna aika yara gida don kada Hausarsu ta lalace, kun ga ai abin ba yau aka fara ba.

A 1925 ya tafi Amurka karatu. Ya dawo ya yi aikin jarida a Ankara ta ƙasar Gana, sannan ya kafa West African Pilot a Legas a 1937. Da ita da jam'iyyar NCNC ya dinga caccakar mulkin mallaka, har ya zama Firimiyan Jihar Gabas a 1954.

Tutar Ingila ce ta farko da ya tashi a ƙarƙashinta. An sauke ta daren 1 ga Oktoba 1960 a filin sukuwa na Legas, aka ɗaga mai kore da fari, wadda wani ɗalibi Bayarabe, Taiwo Akinkunmi, ya zana. Kwana shida bayan haka Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, tutarmu ta shiga sahun na sauran ƙasashe. Zik ya zama Gwamna Janar a Nuwamban shekarar, ya zama shugaban ƙasa a 1963, ko da yake iko na hannun Tafawa Ɓalewa.

To, nan ne labarin ya yi ɗaci. Ranar da sojoji suka kashe Sardauna da Ɓalewa, 15 ga Janairu 1966, Zik ba ya ƙasar, kuma har yau akwai dattawanmu da ba su daina zarginsa ba. Jini ya zuba a Arewa, Ibo suka kwashi kaya suka yi Gabas, Hausawan Gabas su ma suka gudo gida. A Mayun 1967 Ojukwu ya ɗaga tutar Biyafara. Abin mamaki, shi ma Ojukwun a Zungeru aka haife shi. Zik ya bi shi, har ya zaga ƙasashe yana nema wa Biyafara goyon baya.

A 1969 ya juya, ya ce a tsaida yaƙi a zauna ƙasa ɗaya. Wasu nasa suka kira shi maci amana. Ni dai a ganina, dawowa ƙarƙashin tutar da ka bari, alhali danginka na mutuwa da yunwa suna kallonka, ya fi tafiyar wuya.

Ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 da 1983, Shagari ya kayar da shi duka biyun. Ya rasu a Enugu ran 11 ga Mayu 1996, aka binne shi a Onica ran 16 ga Nuwamba, ranar da da zai cika shekara 92.