Waliyiya Luwiza ta Marillac, Uwar Masu Jinya

An haifi Luwiza a ƙasar Faransa a 1591, ta kuwa tashi ba ta san mahaifiyarta ba. Ta yi aure a 1613, Allah ya ba ta ɗa guda. Da ciwo ya kwantar da mijinta, ita ta yi jinyarsa har ya rasu a 1625.

A 1633 ita da Waliyi Vincent de Paul suka kafa ƙungiyar sistoci domin hidimar matalauta. Ta tara 'yan matan ƙauye a gidanta, ta koya masu karatu da jinya. Daga 1638 suka soma ɗaukar jariran da aka yasar a titunan birnin Faris. Da yawansu rashin nono ke kashe su. Sai Luwiza ta nemo mata masu shayarwa a ƙauyuka, ana biyansu, tana kuma aika sistoci su dubo lafiyar kowane jariri. Ta rasu ran 15 ga Maris, 1660. Paparoma Pius na 11 ya sa ta cikin waliyai a 1934.

Aikin nan nata muna ganinsa yau a ɗakunan yara na asibitocin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Uwa ko kaka ce ke kwana a tabarma kusa da gado, tana fifita, tana ba da kunu, tana kiran nas in numfashi ya sauya. Ta bar gida da sauran 'ya'ya. Idan mun je dubiya, kada mu gai da yaron kaɗai. Mu kai wa mai jinya abinci, mu karɓe ta ko na dare ɗaya ta huta.

Waliyiya Luwiza, ki yi addu'a dominmu.