Tamistokilis, Wanda Ya Hana A Raba Azurfar Atina

An haifi Tamistokilis a Atina ta ƙasar Girka wajen shekara ta 524 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ba daga manyan gidajen birnin ya fito ba, har ana cewa mahaifiyarsa baƙuwa ce. Basira da iya magana su suka kai shi ga shugabancin birnin a shekara ta 493, sa'an nan ne kuwa ya fara gina tashar jiragen ruwa a Firiyus.

Da Atinawa suka fatattaki mayaƙan Farisa a Maraton cikin 490, galibin jama'a sun ɗauka an gama. Shi kuwa ya tabbata za su komo.

Babban aikinsa, a ganinmu, a zauren majalisa ya yi shi, tun ba a zare takobi ba. Cikin 483 aka dace da azurfa mai ɗimbin yawa a ramukan haƙa na gwamnati da ke Lauriyon. Aka kawo shawara a raba kuɗin, kowane ɗan ƙasa ya sami dirakama 10. Tamistokilis ya tashi ya nemi a sassaƙa jiragen yaƙi da su. Raba talaka da kuɗin da ya riga ya sa wa rai ba ƙaramin aiki ba ne, don haka bai tsorata su da Farisa mai nisa ba, sai ya nuna musu tsibirin Ejina, maƙwabtansu da suke gāba da su. Majalisa ta yarda. Marubutan dā sun saɓa, wasu sun ce jirage 100 aka yi, Herodotus ya ce 200.

Kowane jirgi yana ɗaukar mutum 200, 170 daga cikinsu matuƙa ne. Sojan ƙasa shi ke sayen sulkensa da garkuwarsa, watau sai mai hali. Matuƙin jirgi kuwa ƙarfin damtsensa kaɗai ake bukata. Ta haka tsaron Atina ya koma hannun talakawa, muryarsu kuma ta ƙara nauyi a majalisa.

Cikin 480 Sarki Zaksis na Farisa ya iso da runduna. Aka kwashe mutanen Atina, abokan gāba suka ƙone birnin. Tamistokilis ya aika wa Zaksis saƙon yaudara cewa Girkawa na shirin gudu, jiragen Farisa suka kutsa cikin matsatsin ruwa na Salamis, inda yawansu ya zame musu cikas, aka ragargaza su. Kimanin rabin jiragen Girkawa a ran nan na Atina ne.

Bayan yaƙi ya yi ta jan hankalin mutanen Sifarta da zance har aka gama sāke gina ganuwar Atina, wadda ba su so a gina ba.

Wajen 471 Atinawa suka kore shi ta hanyar ƙuri'ar da ake rubuta suna a kan tsingaro. Masu tonon kayan tarihi sun samo tsingaro kimanin 190 masu sunansa cikin wata rijiya, amma rubutun na mutum 14 ne kacal, alamar wasu sun tanade su don rarrabawa. Daga baya aka zarge shi da haɗa baki da Farisa, aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan. Ya gudu wurin Atazaksis, ɗan sarkin da ya karya, wanda ya ba shi mulkin Magnesiya. Can ya mutu wajen 459, yana da shekara 65.