Gani Fawehinmi, lauyan talakawa mai ƙaramar jam'iyya

An haifi marigayi Gani Fawehinmi a Ondo, ƙasar Yarbawa ta Najeriya, a 1938. Yana karatun lauya a Landan mahaifinsa ya rasu, har wankin ban-ɗaki ya yi don ya ƙare karatu. Da ya dawo gida, yakan tsaya ma talaka a kotu ko ba shi da dala. Sojoji sun sha jefa shi gidan kaso.

A 1994, zamanin Abacha, ya kafa jam'iyyar NCP alhali an hana siyasa. Daga baya hukumar zaɓe ta ƙi yi mata rajista, ya maka ta kotu. A 2002 kotun ƙoli ta ba shi gaskiya, ƙananan jam'iyyu da dama suka samu shiga albarkacinsa. Ƙuri'a kam ba ta bi shi ba: a zaɓen shugaban ƙasa na 2003 ko kashi 1 cikin 100 bai samu ba. Kansar huhu ce ajalinsa, a 2009.