Alhassan Dantata

Alhassan Dantata (an haife shi a shekarar 1877, ya rasu ranar 17 ga watan Agusta, 1955) ɗan kasuwa ne daga ƙasar Kano a arewacin Najeriya. Ya fara da fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja, daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa a zamanin mulkin Turawa. A lokacin rasuwarsa ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a cikin 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma. Shi ne tushen gidan Dantata na Kano, kuma kakan mahaifiyar Aliko Dangote.

Asali da ƙuruciya

An haifi Alhassan a garin Bebeji da ke kudu da birnin Kano. Iyalinsa Agalawa ne, wato wani rukunin fatake da kakanninsu suka fito daga wajen Azbin, suka zauna a ƙasar Katsina, sannan suka bazu cikin ƙasar Kano. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da fataucin goro a zamanin Daular Sakkwato. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce.

Mahaifinsa ya rasu wajen shekarar 1885, Alhassan yana ƙaramin yaro. Bayan haka mahaifiyarsa ta tafi Accra, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka riƙa kiransa Ɗan Tata, sunan da ya bi zuriyarsa har yau. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana kuma 'yan saye-saye da sayarwa don ya ciyar da kansa. Ruwayar iyalinsa ta nuna cewa Tata ce ta saba masa da ajiye kuɗi a asusu.

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, yaƙin Basasa ya ɓarke tsakanin magoya bayan Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya taɓa garuruwan fatake, har aka kama Alhassan tare da 'yan'uwansa Bala da Sidi. Bayan sun sami fansa ya koma Bebeji, ya shiga ayarin Gwanja.

Fataucin goro

Ba a noman goro a ƙasar Hausa. Daga dazuzzukan Asante, a ƙasar Ghana ta yanzu, ake kawo shi. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen rini da fatu, ya bi ta Jega ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu har zuwa kasuwar Salaga. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa. Goro kaya ne mai saurin lalacewa: sai an naɗe shi da ganye a cikin huhu, ana yayyafa masa ruwa, ana kwancewa a kan hanya ana tsince wanda sankara ta kama. Duk kwanan da aka ƙara a hanya, asara ce ke ƙaruwa.

Lokacin da Alhassan ya shiga wannan sana'a, tsohuwar hanyar ta riga ta fara sauyawa. Yaƙin cikin gida ya rusa kasuwar Salaga a 1892, Turawan Ingila suka mamaye Asante, jirgin ƙasa daga Sekondi kuma ya isa Kumasi a 1903. Alhassan ya gane cewa ana iya sayen goro a Kumasi, a kai shi bakin teku, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Legas, sannan a haura da shi arewa. Wajen shekarar 1906 ya riga ya fara amfani da wannan hanya, yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Ya rage kwanakin tafiya, ya rage goron da ke ruɓewa, jarinsa kuma ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Ban da goro, yana sayo duwatsun wuya da yadudduka na Turai yana kawowa Kano.

Zuwan jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulki sun sa ran auduga ce za ta cika taragun don masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka karkata ga gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, ana iya shuka ta tare da gero da dawa, idan kuma aka yi ƙarancin abinci ana iya cin ta. A shekarar 1913 gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ta haura tan 19,000, alhali a shekarun baya 'yan dubbai kaɗan ne.

Dalilin tashin farashin gyaɗa yana da alaƙa da ilimin sinadarai. A 1902 wani Bajamushe masanin sinadarai, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar haɗa man tsirrai da iskar haidurojin, ta amfani da ƙarfen nikel, har man ya daskare. Wannan ya ba masana'antun Turai damar yin majarin, wato man shafa wa burodi, daga mai irin na gyaɗa. Haka buƙatar wata masana'anta a Turai ta zama kuɗi a hannun manomi a Kano.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshen manoma, ba kuma su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Fataken goro suna da duk wannan. Saboda haka 'yan kasuwar Kano irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada suka zama 'yan tsakiya a sabon cinikin. Alhassan ya tare a Kano a daidai wannan lokaci, ya gina gida a unguwar Koki. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Zuwa farkon shekarun 1920 ya riga ya wuce sauran attajiran Kano. Da aka haɗa Niger Company da wani kamfani aka kafa UAC a 1929, ya ci gaba da zama babban mai kawo musu gyaɗa.

Tsarin kasuwancinsa

Ƙarfin Alhassan yana cikin yaransa na kasuwa. Yakan karɓi kuɗi daga kamfani kafin kaka, ya haɗa da nasa, ya rarraba wa yaran. Su kuma su bazu cikin ƙauyuka da sikeli da buhuna, wani lokaci da gishiri da yadi, su ba manoma kafin gyaɗa ta nuna. Da kaka a tattaro gyaɗar a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci, zuwa tashar jirgi. Ribar kowane tan kaɗan ce, yawan tan ɗin ne ke tara dukiya. Tsarin kuwa amana ce ke riƙe da shi: yaron da ya dawo da lissafi daidai a ƙara masa jari, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa. Bai dogara ga kaya iri ɗaya ba, domin ya ci gaba da cinikin goro da shanu da yadudduka, abin da ya taimaka masa lokacin da farashin gyaɗa ya faɗi a shekarun 1930.

A shekarar 1929 ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 ajiya a reshen Kano na Bank of British West Africa, bankin da ya zama First Bank. Labarin ya bazu, domin a lokacin attajirai a gida suke binne kuɗinsu. An san shi da ƙin karɓar kuɗin ruwa a kan ajiyarsa.

Hukumar ciniki da dalar gyaɗa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe ikon sayar da amfanin gona a ƙasashen waje. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Hukumar ce ke yanke farashi, kuma sai mai lasisi ne ke sayar mata kai tsaye. Da farko kamfanonin waje ne suka riƙe lasisin, ɗan ƙasa komai jarinsa yana ƙarƙashinsu. A farkon shekarun 1950 Alhassan ya sami nasa lasisin, ya fita daga inuwar UAC.

Bayan yaƙin, gyaɗa ta fi ƙarfin taragun jirgi, sai aka riƙa jera buhuna a fili ana jiran kwasa. Ana danganta dabarar jera su kamar dala da Alhassan Dantata. Dala ɗaya tana iya ɗaukar buhu 15,000. Dalar gyaɗa ta zama alamar Kano, har fari da cutar gyaɗa da arzikin man fetur suka kawo ƙarshenta a shekarun 1970.

Addini

Alhassan ya yi aikin Hajji a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa. A wannan tafiya ya biya ta Ingila, aka gabatar da shi ga Sarki George na Biyar. Ya biya wa mutane da dama kuɗin Hajji, yana ciyar da almajirai da mabuƙata, yana kuma taimakon malamai.

Rasuwa da zuriya

Ya rasu a Kano ranar 17 ga watan Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. A jinyarsa ta ƙarshe ya yi wa 'ya'yansa wasiyya da su haɗa kai, kada kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya watse. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kano, inda kasuwancin attajiri kan mutu da zarar an raba gado.

Ɗansa Ahmadu ne ya fara jagorantar kamfanin har ya rasu a 1960. Sanusi Dantata, wanda ya rasu a 1997, ya shahara da cinikin gyaɗa da sufuri. Aminu Dantata, wanda aka haifa a 1931 ya rasu a 2025, ya faɗaɗa harkokin gidan zuwa gine-gine da man fetur. Aliko Dangote, wanda aka haifa a 1957, ɗa ne ga Mariya, 'yar Sanusi Dantata.