Likita Stirrett, Bature Mai-Magani

Cikin darasin makon nan muna duban Filibiyawa 3:12-16, inda Manzo Bulus, ko da ya ke ya daɗe cikin aikin Ubangiji, bai lissafta kansa wanda ya riga ya kammala ba. Domin mu ga yadda wannan hali ya ke cikin zaman mutum, bari mu ba da labarin wani dattijo wanda kakanninmu suka sani a kasuwar Jos.

An haifi Andrew Park Stirrett a shekara ta 1865 cikin lardin Ontario, a ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magani, ya kafa kantinsa a birnin Toronto, sana'a kuwa ta karɓe shi, har ya soma karatun likita. Ga idon mutane ya riga ya kafu, sauran ya zauna ya ci guminsa. Ana nan sai wata 'yar takarda ta shiga hannunsa, wadda Rowland Bingham ya rubuta a kan ƙasar Sudan, watau ƙasashen nan namu. Bingham shi kaɗai ya rage cikin samari uku da suka sauka Ikko a 1893, gama ciwo ya ɗauke abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, a 1894. Wannan bai tsoratad da Stirrett ba. Ya miƙa dukiyarsa ga mishan, ya shiga jirgin ruwa mai-ɗaukar shanu zuwa Ingila, ya ƙara ilimi a kan cututtukan ƙasashe masu-zafi, kana ya iso Patigi a bakin Kwara a 1902.

Shekarunsa 37 a lokacin nan. A nan ya kamata mu dakata kaɗan, gama da yawa cikinmu mu kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mu fake da wannan magana mu bar koyo ga yara. Ga mutum ya kusa arba'in, mai-ilimi, wanda ya saba ba da umurni cikin kantinsa, ya komo ya zauna kamar yaro a gaban fatake, yana tambaya sunan wannan da wancan, ana gyara masa harshe. Patigi ƙasar Nufawa ce, amma zuciyarsa tana wajen Hausawa. A zamanin nan gwamnatin Turawa ba ta yarda masu-bishara su zauna cikin manyan biranen sarakuna ba, sai bayan 1930 ƙofar ta soma buɗewa. Stirrett bai naɗe hannu yana jira ba. Ya bi fatake zuwa zango da kasuwa, a Wushishi da sauran wurare, yana ba da magani, yana wa'azi, har suka sa masa suna Bature Mai-Magani.

Daga baya ya zauna a Jos, inda aikin kuza ya tara mutane daga ko'ina, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su. Waɗanda suka zauna tare da shi sun shaida ya kan tashi tun kafin asuba domin addu'a da karatun Littafi Mai-Tsarki, sa'an nan ya fita kasuwa ya yi wa'azi, yau da gobe, har ƙarfinsa ya ƙare. Ba mu ce kowa ya karɓi maganarsa ba. Da yawa sun karɓi magani sun bar wa'azin, ya kuwa ci gaba da ba su maganin.

Yanzu wani zai ce, ina ruwan wannan da zaman iyali, tun da ya ke mutumin bai yi aure ba? Sai mu dubi abin da ke hannunmu sa'ad da mu ke taruwa da maraice. Stirrett yana cikin waɗanda suka yi wahalar juya Littafi Mai-Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Miller na Zariya da waɗansu, aka buga shi duka a 1932. Ya kuma yi aiki ƙwarai wajen tara waƙoƙin sujada na Hausa. Kafin wannan, maigida mai-bi ba shi da cikakken Littafi da zai buɗe a gaban matarsa da 'ya'yansa. Bayan haka uwa ta iya yi wa ɗanta abin da Loyis da Afiniki suka yi wa Timoti, kamar yadda mu ke gani cikin 2 Timoti 1:5 da 3:14-15.

Amma Littafi a bisa tebur ba ya renon kowa. Mun san gidaje inda uba ya kan tilasta yara su haddace aya, shi kuwa rabonsa da koyon sabon abu tun ranar baftismarsa. Yara suna lura da wannan, ko ba su faɗa ba. Idan an taru cikin makon nan, ya dace iyaye su fara gaya wa juna abin da su da kansu suka koya cikin watan da ya wuce, tun ba su tambayi yara ba.

Stirrett ya rasu a Jos cikin watan Yuli na 1948, yana da shekara 82, bayan shekara 45 da ɗoriya cikin aikin ƙasar nan. Bai ga kafuwar ECWA ba, gama sai a 1954 ekklesiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗa kai ƙarƙashin wannan suna, hedkwatarsu kuwa tana nan Jos.