Rudolf Kompfner: Mai zanen gine-ginen da ya ƙara wa tauraron ɗan'adam murya

Kowane faifan dish da ke kan rufin gida a Abaji yana sauraron tauraron ɗan'adam ne da ke nisan kusan kilomita 36,000 daga doron ƙasa. Saƙon da aka aika sama yakan isa can a galabaice, sai an ƙara masa ƙarfi kafin a dawo da shi. A yawancin taurarin sadarwa, wani siririn bututu mai suna TWT ke wannan aiki, kuma Rudolf Kompfner ake danganta ƙirƙirarsa da shi.

An haifi Kompfner a Vienna ta ƙasar Ostiriya ranar 16 ga Mayu, 1909. Zanen gine-gine ya karanta, ya koma Ingila a 1934 yana wannan sana'a, yana kuma nazarin kimiyyar lantarki da kansa a lokutan hutu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hukumomin Birtaniya suka tsare shi a tsibirin Man a 1940, saboda ana yi masa kallon ɗan ƙasar abokan gaba. Bayan an sake shi, sai ga shi a Jami'ar Birmingham yana bincike a ƙarƙashin rundunar sojin ruwan ƙasar da ta tsare shi.

A can ne, tsakanin 1942 da 1943, ya gano dabararsa. Siginar rediyo ta fi ƙwayoyin lantarkin da ke cikin bututu gudu nesa ba kusa ba. Sai ya sa ta bi murɗaɗɗiyar waya, hanyarta ta ƙara tsawo, har ta riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙwayoyin, tana zuƙar ƙarfinsu.

A 1951 ya sami digirin digirgir a Oxford, sannan ya koma cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka. Shi da John Pierce suna cikin jagororin aikin tauraron Echo na 1960 da na Telstar, wanda aka harba ranar 10 ga Yuli, 1962 ɗauke da irin wannan bututu, ya tsallakar da hoton talabijin kai tsaye tsakanin Amurka da Turai.

Kompfner ya rasu a Stanford, jihar Kalifoniya, ranar 3 ga Disamba, 1977, shekara 34 kafin Najeriya ta harba tauraronta na sadarwa NigComSat-1R, wanda ake sarrafawa daga Abuja.